Buhun Kaka Mata Bisa Kwad

Salamu alaikum 'yan gurup, matan Dakoro da na nesa, ina gajiyarku? Masu biyo ni ta pirive, wato saƙon gehe ba cikin gurup ba, kuna tambaya wai mi ya sa kwanan nan Kaka Mata ke kafa kujera ƙohar gidanmu da sanda a hannu kamar jandarma, to yau ranarku ce, ku gyara zama. Wadda ta san tana cikin waɗanda anka kora da ƙullin kaya ta yi haƙuri, ban faɗi suna ba.

Ga waɗanda ba su san mu ba, ni ce Ramla. Sharifa taubashiyata ce, ɗiyar Kawu Agali wan innata, gidanmu guda tun rasuwar mahaihiyarta. Aikinta allurar dabbobi, kuma bana wani proje ya ba ta kwad, babur ɗin nan mai ƙafa huɗu, don ta riƙa iske makiyaya inda mota ba ta zuwa. Shi Kawu direban kamiyon ruwa ne wurin masu haƙar foraj, rijiyar burtsatse, can arewa da Ingal inda babu rezon waya ko na rantsuwa. Ni da ko ruwa zan sha sai na leƙa salula, ga ni da bik da takarda saboda Kawu. Yazidu mai motar kaya ke kai mana ya kawo. Kuma ni Kawu ke rubuto ma ba ita ba, don ita ce ɗiyarshi ta fari, ko sunanta ba ya kamawa. Na tambaye su sun yarda in sa maku takardunmu nan. Nawa nakan ɗauke su hoto kahin in ba Yazidu, shi ya sa nike da su. Rubutun 'yar CM2 ne, ajin ƙarshe na firamare, kar wadda ta gyara mani.

*

Dakoro, farkon damina

Zuwa ga Kawuna Agali,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lahiya, ya aiki ya zahin rana? Mu nan lahiya lau. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta je gona munka yi shuka bayan ruwan farko. Gwaggonka Kaka Mata hawan jininta ya sauka amma bakinta bai sauka ba. Jar akuyarka ta haihi tagwaye, ɗaya na kama da kai wajen ɗaure huska.

Kawu, kwad ya iso! Wallahi da ka gani. Kamar ƙaramar mota, ƙarhi kamar raƙumin amale, tudun rairayi yake hawa kamar ba komi ba. Ranar da ta gwada shi har Birnin Lalle ta je ta dawo kahin hurarmu ta jiƙa. In ta sa kaske, hular kwano, bisa ɗankwali, ta sa tabarau na ƙura da safar hannu, sai in manta ita ce baiwata da nike cin zali kullum. Na ce mata yanzu dai na yarda ki riƙa gaishe ni a tsaye.

Abin da ya hi burge ni shirin kayanta. Ba ta yarda kowa ya taɓa. Ruwa bido biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, wai in ɗaya ya hashe ba ta rasa duka ba. Esansi, wato hetur, bido guda nesa da inda ƙarhe ke zahi. Gilasiyen allura a tsakiya da ƙanƙara ciki, ta naɗe shi da buhu kamar jinjiri. Sai pompon hannu da mesh na toshe taya, don ƙayar aduwa ba ta san proje ba. Ga 'yan makullan kwance ƙarhe, ga bujin tada inji sabo cikin leda, ga igiya, ga sangil, ɗamarar ɗaure kaya mai ƙarhen ja, ga gajeren pelu, wato shebur. Na ce ke likitar awaki ce ko mai gina kabari, ta ce ranar da laka ta kama ni zan san mai ginawa. Akwai tanti na leda, ashana cikin kwalba, cocila, ɗan panon sola na cajin salula, bandeji da maganin ciwo. Daga ƙarshe jakarta ta guzuri da tabarma da gidan sauro. Kowane abu da mazauninshi, in ta ɗaure sai ta girgiza kwad ɗin ta saurara, in wani abu ya yi ƙara ta kwance ta sake. Kuma ba ta hita sai ta zauna ta faɗa ma Inna rijiyoyin da za ta bi ɗaya bayan ɗaya.

To ga labarin da zai sa ka dariya. Unguwa ta ji za ta ƙetare kwarin Tarka, ai sai gidanmu ya koma tasha. Wagga da ƙullin gishiri na ɗanta, waccan da katifa, wata har da zakara. Kaka Mata ta sa anka kinkimo buhu guda, sukari da ganyen shayi da dabino da ƙuli da turmin atamfa, wai na ƙanwarta Umma da ke zango can ƙetare. Ba ta ma tambaya ba, ta sa anka aza shi bisa kwad ta ɗaure bakin da ɗaurinta. Sharifa ta hito, ta duba, ta sa hannu ta sauke buhun gaban kowa. Ta ce, "Kaka, ko ke ce da kanki yau ba wurinki." Ta maida ma kowa nashi, ta tada kwad ta yi gaba. Kawu, kowa ya ɗauki nashi ya watse! Ni kam na ji kamar in yi guɗa. Ina ka taɓa ganin mace mai tsayuwa bisa magana haka? Ta je ta yi ma shanu allura ta dawo lahiya, Kaka ba ta amsa gaisuwarta har yau, amma za ta huce.

Inna na gaishe ka. A aiko mani cuku.

Ɗiyarka, Ramla

*

Daga wurin aiki

Ramla ɗiyata,

Na samu takardarki, na gode Allah da kuna lahiya. Ni ma lahiya, sai ciwon baya na zaman mota. Ki ce ma innarki Balkisu ta daina zuwa gona da wannan gwiwa. Ɗan akuyan da ke kama da ni a bar mani shi.

Labarin da kinka ce zai sa ni dariya bai sa ni ba. Na karanta na sake karantawa, na kasa shan shayi. Gwaggo Mata ita ta goye ni a bayanta shekarar da dabbobinmu sunka ƙare munka sauko kudu da ƙafa. Ita da Umma sun daɗe ba su ga juna ba, buhun nan shi ne gaisuwarsu. Wurinmu matahiyi ba ya ƙin saƙo, ke ma kin sani. Da can raƙumi guda ke tashi da kayan gidaje da yawa, mai shi ya bi da ƙafa. Ni nan ba ranar da zan tada kamiyo ba ƙullin wani a gehena. Ke da bakinki kin ce abin kamar ƙaramar mota ne. Motar da ta ɗauki pelu da tanti ba ta rasa wurin buhun tsohuwa ba, sai dai zuciyar mai ita ta rasa.

Da yarinyar nan ta ce za ta yi aikin daji mutane sun yi mani magana, na toshe kunnena na bar ta. Ban bar ta don ta hi ƙarhin tsohuwa gaban unguwa ba.

Ki karanta mata wannan gaban innarki. Ta je ta durƙusa ta ba Gwaggo haƙuri. Tahiya ta gaba ta ɗauki buhun ta sa shi hannun Umma. Daga yau saƙon babba ba ya sauka daga bisa abin nan. In ba za ta iya ba, ta maida makulli biro, ohishinsu, ta zauna gida. Ban da wata magana bayan wagga.

Ga cuku nan wurin Yazidu, ki ba Gwaggo rabi.

Kawunki, Agali

*

Dakoro

Kawu,

Ina gaishe ka, ya bayan naka? Mu jikinmu lahiya, amma hankalinmu ba kwance yake ba, kuma ban san ta inda zan fara ba.

Da na san haka za ka ɗauki maganata da na yanke hannuna kahin in rubuta. Yabo nike yi, Kawu. Ni ce na cika baki na ce ƙaramar mota. Ga hoto nan na je na wanko, ka duba da idonka ka ga in akwai inda za a aza ko ƙwarya.

Na karanta mata kamar yadda ka ce. Ina karatu ita ko ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin tabarma. Da na gama "to" kawai ta ce. Inna ta so ta yi magana, ta ce a bari, maganar Baba ce. Da la'asar ta je ta durƙusa gaban Kaka, Kaka ta ja rai kaɗan sannan ta sa mata albarka, har da cewa a ƙara sabulu cikin buhun.

Zagaye na biyu ya zo, na tumaki da awaki, can ƙetaren Tarka wajen zangon su Umma. Da sahe na hito na iske ta tsaye tana kallon kwad da buhun a ƙasa. Ta aza shi baya, gaba ya yi sama-sama, ta sauke. Ta gwada haka ta gwada haka. Ta ce mani in kaya sunka yi tsawo ko sunka rinjaya gehe guda, a gangaren rairayi kihewa abin ke yi, kuma bisa mai shi yake faɗawa. Daga nan na shiga ɗora ruwan zahi. Ina hitowa na ga ta sauke nata ta ɗora na Kaka, ta kwashi wasu kaya ta kai ɗakinta ta kulle ta sa makulli aljihu. Na tambaye ta mi ta rage, ta ce baiwa ba ta tambayar uwar ɗakinta. Har dariya munka yi. Ta faɗa ma Inna rijiyoyinta, ta tahi.

Ranar da yamma ruwa ya sauko irin wanda ban taɓa gani ba, washegari ya ƙara. Katangar maƙwabta ta zube. An ce Tarka ta cika tana gudu kamar gulbi. Ranar da ta ce za ta dawo ta wuce, wata ta bi ta. Na aika mata saƙo a wasap ya hi a ƙirga, duka alama guda, ba wanda ya shiga. Na kira har salula ta yi zahi. Shugabansu na biro ya tada mota, sunka kai bakin kwari sunka juyo, wai ko tarakta ba ta shiga. Wani Bahillace da ya zo kasuwa ya ce Sharifa ba ta iso zangon su Umma ba lokacin da ya baro.

Inna ba ta barci. Kaka tasbaha kawai take ja, an kai mata tuwo ya kwana ruhe. Ni ina zaune bisa katanga inda rezo ya hi ƙarhi, kamar ungulu.

Yazidu na hura mani oda a waje. Ka yi mata addu'a.

Ramla

*

Ramla,

Lahiyata lau. Takardarki ta daɗe a hanya, Yazidu ya kwana biyu Abalak da karyayyen ƙarhe, ban san halin da kuke ciki yanzu ba.

Na ga hoton. Wannan ai jaki ne mai taya. Na nuna ma makanikinmu, ya ce buhu irin wannan a bayanshi kamar ka goya ma yaro babban mutum ne. Tun jiya hoton na aljihuna.

Kin ce ta sauke nata ta ɗora na Gwaggo, ba ki ce mani mi ta sauke ba. Nan ne hankalina ya tsaya. Ku ɓalle ƙohar ɗakin ku duba. In bidon ruwa ne kunka gani, ko guda, kar ku jira kowa. Mutane na ganin damina ce ruwa ko'ina, amma ruwan kwari mai gudu laka ne da mushe, wanda ya sha shi cikin daji shi kaɗai zawo ke gama shi kahin ƙishirwa. In pelu ne ko igiya, to inda ta kahe nan take har yanzu. In pompo ne, taya guda ta isa ta zaunar da ita. Na shekara da shekaru bisa hanyoyin ga, waɗanda na gani sun halaka ba babban abu ya kashe su ba, ɗan ƙaramin abin da sunka ce yau dai ba sai da shi ba ne. Nauyin buhun nan daidai da ruwa da ƙarahuna yake, kuma na san ta, in ta ce to ba ta komawa baya. Halina ne ta ɗauko.

Kar a ƙara tada mota. Balkisu ta je wurin danginmu na bakin kasuwar dabbobi, a samu mutum biyu da raƙuma su bi rijiyoyin da ta lissafa ɗaya bayan ɗaya. Su riƙa duba bisa tudu ba cikin kwari ba, mai hankali tudu yake hawa in ruwa ya zo. Su duba hayaƙi da rana. Su ɗauki ruwa da hura.

Na nemi izinin tahowa, shugaba ya ce sai wanda zai karɓe ni ya iso, mutane da yawa ke shan ruwan kamiyon nan. Ina tuƙi ban san inda nike ba. Ki sa Gwaggo ta ci abinci, ki ce ni na ce. Duk motar da ta taso arewa ki ba ta takarda, ko layi guda ne.

Agali

*

Dakoro

Kawuna,

Tana gida! Lahiyarta lau, na fara da wannan kahin gaisuwa don na san ba ka karanta gaisuwar. Takardarka ta iske ta zaune tsakar gida tana shan hura kwano na biyu. Kowa lahiya, Kaka ta ci tuwo har da ƙari.

Ba mu jira ka ba wajen ɓalle ƙoha, Inna ta sa taɓarya. Kawu, ka san abin da munka iske bayan ƙyaure? Jakar guzurinta. Garinta da sukarinta da dabinonta da 'yar butar shayi, da tabarma da gidan sauro da kayan sakewa. Ruwa ko ɗigo ba ta rage ba, ƙarhe ko guda ba ta bari ba. Cikinta ta sauke ta ɗora buhun Kaka. Wai lissahinta da yamma tana zangon Umma, can za ta ci. Inna ta zauna nan bakin ƙoha riƙe da jakar ta yi ta kuka.

Ina bisa katangata da hantsi sai na ga alamomin nan sun zama biyu-biyu, fat fat fat, duka lokaci guda. Na kusa faɗowa. Sai ga muryarta, a shaƙe, wai, "Baiwa, ki ce ma Inna ina zangon Umma, a dama hura da yawa." Ta hau wani dogon tudu ne ta samu rezo.

Ga yadda anka yi, na tatso ta da ƙyar don kai da ita ba ku san ba da labari ba. Ruwan ya tare ta tsakiyar kwari, ta ga ƙasa na canza launi sai ta nuhi wani ɗan tudu. Saura kaɗan ta kai laka ta riƙe tayun baya. Cikin ruwan nan ta sauke kaya duka ta kai bisa tudu a ka, gilasiye farko, buhun Kaka na biyu, ta ruhe su da tanti. Ta dawo ta yi ta gina da pelun da na yi ma dariya, ta saro rassan sabara ta cusa ƙarƙashin taya, ta ɗaura igiya jikin wata aduwa ta haɗa da sangil, tana ja kaɗan kaɗan tana ƙara gini. Da kwad ya hau tudu ruwa ya riga ya zagaye ta gaba da baya. Nan ta zauna har ya janye. Hannunta duk ya sale, ita ta wanke ta naɗe da bandejinta.

Da rana ta buɗe sai ta kafa tanti ta yi ma gilasiye inuwa, tana jiƙa buhun da ta naɗe shi da ruwan kwari don allura kar ta lalace, na bido kuma tana kurɓa kaɗan kaɗan. Ta hura wuta da ashanarta ta sa ɗanyen ganye don hayaƙi, ba wanda ya gani. Da ƙasa ta fara tsanewa ta taso, kututture ya huda mata taya, ta cusa mesh ta buga pompo, ta ce nan ne ta ga taurari da rana tsaka don yunwa.

Kuma Kawu, duk kwanakin nan da mi take jingina? Da buhun Kaka. Ta ce in rana ta buge shi ƙamshin ƙuli har cikin kanta yake shiga. Dabino na taɓa mata baya. Na ce ke wace irin wawuya ce, ki kwance ki ci mana, wa zai ce miki don mi? Ta dube ni kamar na zage ta, ta ce an ce ta sa shi hannun Umma, ba a ce ta sa rabi ba.

Umma ta aiko da saƙon baki, ta ce buhu ya iso da ɗaurin Mata yadda ta san shi tun suna 'yan mata, amma yarinyar da ta kawo shi sai da anka riƙe ta ta sauko. Sun ba ta nono ta huta, ta tashi ta yi ma tumakin zangon allura, ba kwalba guda da ta lalace.

Da Kaka ta ji, ta sa anka kira ta. Na zaci albarka za ta sa. Faɗa ta kama yi, tana yi hawaye na zuba. Ta ce, "Ni na ce ki kashe kanki saboda ƙuli? Da kin mutu in ce ma Agali mi?" Sharifa ta ce to ai shi ya ce. Kaka ta ce Agali ɗin banza, ita ta yi mashi wanki yana yaro. Yi haƙuri Kawu, haka ta faɗa. Sannan ta sa Sharifa ta nuna mata kayan ɗaya bayan ɗaya da amfaninsu, har pompo ta gwada bugawa.

Saura magana guda, kuma ita ce ta sa na rubuto da sauri. A takardarka ta baya ba ka ce komi bisa makullin kwad ba. Sharifa ta kawo shi ta ba Inna. Ta ce umarninka ta cika sau ɗaya, amma ba ta iya cika shi kullum, don in saƙon babba ba ya sauka to wata rana ruwa ne zai sauka. Ta ce ba ta saɓa maka, kuma ba ta yi maka ƙarya ta ce za ta iya. In maganarka na nan, Litinin ta sama za ta maida shi biro su ba wani. Ta faɗa ba kuka ba hushi, amma na ga tana goge kwad ɗin da tsumma har ƙarƙashi. Makiyaya sun fara aiko tambaya yaushe likita za ta zo.

Kawu, ni ban da ilimi, amma irin Sharifa ba a ajiye ta gida.

Ɗiyarka, Ramla

*

Ramla ɗiyata,

Alhamdu lillahi. Na karanta layin farko na sauka daga mota na yi sujada bisa rairayi, yaran aiki sun zaci faɗuwa na yi. Lahiyata lau, bayan ma ya daina ciwo. Ki gaida Balkisu, ki ce ƙohar ni zan gyara. Ki ce ma Gwaggo na ji saƙonta, ɗan banza na gaishe ta.

Na yi hukunci bisa abin da ban gani ba. Na roƙi Yazidu ya taho ba tsayawa don takardar ga ta riga Litinin.

Makulli a maida mata. Abin da zai hau bisa kwad da abin da zai sauka ita ke faɗi, ba ni ba, ba kowa ba. Sharaɗina guda ne, guzuri na cikin kayan aiki, daidai yake da ruwa da pelu. Ko buhun wa za ta ɗauka, kar ta ƙara barin cikinta bayan ƙyaure. Ta riƙa sa dabino da ƙuli cikin aljihun rigarta, ba cikin jaka ba. Kuma in ta ƙara shiga irin wannan hali, duk saƙon da ke hannunta ta kwance ta ci, ni zan amsa.

Ga igiyata nan na ba Yazidu. Tun ina yaron mota take wurina, ta hidda ni daga wurare da yawa, ba ta taɓa tsinkewa ba. Tata ta ja laka ta gaji, ta canza.

Akwai kuma ɗan kwali na Umma, shayi ne da 'yan tarkace, in da wuri.

Wagga kar ki karanta mata, ki ba ta ta karanta da kanta. Sharifa, Allah shi yi miki albarka. Ban taɓa tahiya da direban da ya hi ki ba.

Agali

*

To 'yan uwa, kun ji. Na miƙa mata takardar, ta karanta tana tsaye, da ta kai ƙarshe sai ta shige ɗakinta mai ɓallalliyar ƙoha ta juya mana baya. Inna ta ce tun ranar suna ba ta ƙara jin sunan nan daga wajen Kawu ba. Da ta hito idonta ja, na ce baiwa mi ya faru, ta ce ƙura ce.

Ranar tahiya tun da sahe Kaka Mata ta sa anka kai mata kujera ƙohar gida, ba wanda ya sa ta. Duk mai ƙulli ta tare shi da sanda ta ce a kai tasha. Ita ke tambaya an cika ruwa, ina pelu, ina pompo, sannan ta laluba aljihun Sharifa ta ji ko da dabino. Yazidu ya taho niƙi-niƙi da kwalin Kawu, ashe ɗan kwalin ya kusa kai buhun nauyi. Ya ce ai wannan na Agali ne. Kaka ta aza sanda bisa kwalin ta ce, "Ko na ubanshi ne. Ya jira raƙumi."

Kwalin na nan ɗakin Inna har yanzu. Igiyar kuma na naɗe gaban kwad, yanzu haka tana wajen Ɗan Gulbi.

Ku kuma fa? Masu babur da masu mota da masu zuwa ƙauye ranar kasuwa, wane saƙo anka taɓa ɗora maku da kunka kasa cewa a'a, kuma mi kunka sauke don shi? Ku faɗa mani a ƙasa, ina bisa katanga, rezo na da kyau.